Filash Jakada Ne, Ba Rumbu Ba

Kowace shekara idan lokacin miƙa kundin digiri ya ƙarato, ba a rasa ɗalibin da za a tarar ya yi zugum a gaban kwamfuta, ya soka filash ɗinsa, ta ce ba ta gane shi ba. Wahalar watanni, da hirarrakin da ya naɗo daga bakin dattawa da makaɗa, duk suna cikin ɗan abin da bai kai yatsa ba. Manufar wannan maƙala ita ce ta nuna cewa sau da yawa ba matsalar ce ke halaka aikin ba, gaggawar mai shi ce.

Ita dai kafar USB, wadda aka fito da ita a 1996, aiki biyu take yi, watau ba na'ura wuta da kuma kai saƙo da komo da shi. Kafar USB 2.0 ta shekarar 2000, alal misali, wutar da aka ƙayyade mata miliamfiya 500 ce kacal. Saboda haka idan aka jona na'urori da yawa a reshe guda wanda ba shi da wutar kansa, sai wutar ta gaza, kwamfuta ta yi ta kuka, alhali filash lafiyarsa lau.

Bisa ga haka, wajibi ne mai hankali ya bi abin daki-daki. Da farko ya zare sauran na'urori, ya soka filash ɗin kai tsaye a wata kafar, ya kuma duba ko ƙurar hunturu ta toshe ta. In bai yi ba, ya kashe kwamfutar ya sāke kunnawa, sa'an nan ya gwada a wata kwamfutar dabam. Idan ya buɗe a can, to, laifin na kwamfutar farko ne, wataƙila direba, watau manhajar da ke sada ta da na'urar, ita ce ke bukatar a cire a sāke ɗorawa. Idan kuwa ya buɗe amma takardu sun ɓace, musamman bayan an kai shi shagon buga takardu, galibi bairos ne ya ɓoye su, bai goge ba.

Babban kuskure shi ne, Windows ta ce a yi fomatin, ɗalibi ya amsa nan take. Fomatin na share jerin da ke nuna inda kowace takarda take, duk abin da aka zuba daga baya kuwa kan danne tsohon aikin har abada. Wanda ya ga wannan saƙo, abin da ya fi masa shi ne ya dakata, ya nemi masani ya fara tsamo takardun tukuna.

Wani zai ce ai filash ɗin jabu sun cika kasuwa, masu nuna girman da ba su da shi. Wannan gaskiya ne, amma sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Wanda ke fizge filash ana cikin zuba masa aiki, da wanda ya ajiye kundinsa a wuri guda tak, su suka tsaga bangon da hannunsu.

A taƙaice, filash jakada ne mai kai saƙo, ba rumbun ajiya ba. Ya kamata kowane ɗalibi ya ajiye aikinsa a wuri uku, kwamfuta da filash da intanet, malamai masu duba kundi kuma su riƙa tambayar haka tun daga babin farko, domin ba a fafe gora ranar tafiya.