Zinariya ta Tafi Birni, Zaiba ta Zauna Gida

Hausawa na cewa gobara daga kogi maganinta sai Allah. Karin maganar gaskiya ne, amma masu mulki sun mai da shi mafaka: duk bala'in da ya auka wa talaka sai a jingina shi ga ƙaddara, a yi ta'aziyya, a raba buhunan shinkafa, a koma Yamai. To akwai gobarar da ke iya tasowa daga ruwan ƙasar Madarunfa wadda hannun mutum ne ke kunna ta, kuma hukuma na da ikon kashe ta tun ba ta kama ba. Sunanta zaiba, wannan ƙarfe mai gudana kamar ruwa da masu ilimin boko ke kira merkur.

A shekarar 2021 labari ya bazu cewa zinariya ta bayyana a yankin Ɗan Isa, cikin gundumar Madarunfa, dab da iyakar Najeriya. Cikin ƴan makonni dubban matasa suka kwarara daga Maraɗi da Damagaram da Katsina da Zamfara, kowa da digarsa da fitilarsa. Ranar Lahadi 7 ga Nuwamba 2021 ramu suka rufta a Garin Liman, mutum 18 aƙalla suka rasu. Hukuma ta ba da umurnin rufe wurin. Wannan mutuwa ce da ido ya gani, aka ƙirga gawawwaki, rediyoyin duniya suka faɗa. Amma haƙar zinariya da hannu tana da wata mutuwar da ba ta ƙara, ba ta ƙura, ba ta kuma jawo gwamna zuwa maƙabarta. Duk inda aka yi wannan aiki a Afirka ta Yamma, daga Komabangu ta jahar Tilaberi har zuwa Anka ta Zamfara, zaiba na biye da shi kamar inuwa, domin ita ce hanya mafi sauƙi da araha ta raba zinariya da ƙasa. Wanda ke son jama'a ta yarda cewa Ɗan Isa ta fita daban, shi ya kamata ya kawo hujja.

Ga yadda aikin yake. Ana fasa dutse a niƙa shi ya zama gari, a wanke a kwano, sannan a zuba zaiba a cuɗa da hannu tsirara. Zaiba ta kama ƙwayoyin zinariya ta dunƙule da su. A matse dunƙulen cikin ƙyalle, a ɗora a cokali ko gwangwani bisa garwashi. Zaiba ta tashi ta bi iska, zinariya ta saura. Tururin ba shi da launi, ba shi da wari, kuma huhu na shanye kusan kashi 80 cikin 100 na abin da aka shaƙa. Daga jini sai ƙoda, sai ƙwaƙwalwa. Alamunsa sanannu ne ga likitoci: karkarwar hannu, kumburin dasashi, rashin barci, mantuwa, saurin fushi. Saurayin da ya dawo gida hannunsa na rawa, ba ya iya riƙe ludayi, sai a ce iska ce ko sammu, a sai da akuya a kai shi wurin boka. Kuma ba mahaƙi kaɗai ke shaƙa ba: matar da aka ƙona dunƙulen a murhunta, da yaron da ke goye a bayanta, da mai sayen zinariya da ke sake ƙona ta cikin shago a tsakiyar kasuwa, duka suna da rabo.

Wannan rabin labarin ke nan. Ragowar zaiba na zama cikin laka da ruwan wanki, damina ta zo ta share su zuwa gangare. Zaiba ba ta ruɓewa, ba ta ƙarewa. Idan ta kwanta cikin taɓon tabki, ƙwayoyin halitta da ido ba ya gani suna juya ta zuwa wani nau'i mafi dafi, wanda ke shiga jikin ƙwarin ruwa. Ƙaramin kifi ya ci ƙwari, babban kifi ya ci ƙarami, kowane mataki gubar na ninkuwa. A ƙarshen layin akwai zalɓe da sauran tsuntsaye masu cin kifi, waɗanda ƙwansu ke daina ƙyanƙyashewa yadda ya kamata, akwai kuma ɗan Adam. Suya ba ta fitar da ita, banda ba ta fitar da ita, domin a cikin tsokar take. Mafi muni, tana ratsa mahaifa ta isa ga ɗan tayi, ta taɓa ƙwaƙwalwarsa tun bai ga duniya ba.

Yanzu a dubi taswira. Gulbin Maraɗi daga ƙasar Katsina yake fitowa, ya bi ta madatsar Jibiya, ya shigo Nijar ta ƙasar Madarunfa. Shi da Gulbin Gabi su ne ke shayar da tabkin Madarunfa, tabkin da kaburburan waliyyai 99 ke kewaye da shi, wanda Nijar ta miƙa sunansa ga UNESCO a shekarar 2006, aka kuma sa shi cikin jerin dausayoyin duniya na yarjejeniyar Ramsar a 2019. Tarwaɗa da karfasar wannan tabki ba a bakin ruwa suke ƙarewa ba. Suna kan teburin ɗan kasuwa da ma'aikacin gwamnati a birnin Maraɗi. Attajirin da ke ganin abin da ke faruwa a ramin ƙauye bai shafe shi ba, ya tuna cewa ruwa ba ya tambayar muƙami.

Duniya ta riga ta biya kuɗin wannan darasi. A garin Minamata na ƙasar Japan, masana'antar Chisso ta yi shekaru tana zuba dattin zaiba cikin teku. Dabbobi ne suka fara ba da labari: kyanwoyi suka riƙa tangaɗi suna faɗawa ruwa, tsuntsaye suna faɗowa daga sama. A 1956 likitoci suka ba da sanarwar wata baƙuwar cuta, amma sai a 1968 gwamnati ta amsa cewa masana'antar ce sanadi. Shekara 12 ana musu, ana cin kifi, ana haihuwar yara shanyayyu. Waɗanda aka tabbatar sun kamu sun haura 2,000. Wanda ya ce Japan ta yi nisa, ya leƙa maƙwabta: a 2010, a yankunan Anka da Bukkuyum na Zamfara, gubar dalma daga dutsen zinariyar da ake niƙawa cikin gidaje ta kashe yara fiye da 400. Dalma daban, zaiba daban, amma sakacin ɗaya ne, kuma sai da kaburburan yara suka yi yawa aka farga. Idan gemun ɗan'uwa ya kama wuta, mai hankali ruwa yake nema.

Ba za a ce hukumomi ba su sani ba. A 2013 ƙasashen duniya suka ƙulla yarjejeniyar Minamata kan zaiba, Nijar ta amince da ita a 2017, shekarar da ta fara aiki. Sashe na 7 na yarjejeniyar ya ɗora wa ƙasashe masu haƙar zinariya da hannu nauyin rage amfani da zaiba, da kawar da miyagun hanyoyi irin su ƙona dunƙule a fili ko cikin unguwa. Rahoton Majalisar Ɗinkin Duniya na 2018 ya nuna cewa wannan sana'a ita ce ke fitar da kusan kashi 38 cikin 100 na zaibar da ɗan Adam ke saki cikin iska. An yi tarurruka a otal-otal, an ci kuɗin zama. Gwamnatin da ta sa hannu ta wuce, wadda ta gaje ta sojoji sun kifar da ita ranar 26 ga Yuli 2023, amma alkawarin ƙasa ba ya faɗuwa tare da gwamnati. In dai zancen ƙasa ne, to ga ƙasar nan da ruwanta da kifinta. Ƴancin kan da bai tsare cikin mai juna biyu ba, taken rediyo ne kawai.

Akwai tambayar da ta shafi ƴan kasuwa kai tsaye. Ba a haƙar zaiba a Nijar. Kowane ɗigo daga waje ya zo, ya ratsa iyaka, ya wuce gaban ƴan duwan, wani ya saye shi da sari, wani ya sayar da shi a ƴar kwalba. Sau da yawa mai ba mahaƙi zaiba bashi shi ne mai karɓar zinariyar da farashin da ya ga dama. Ribar ta hau mota ta tafi birni, daga nan ta hau jirgi zuwa Dubai. Gubar ta zauna a ƙauye. Wannan ba ciniki ba ne, zalunci ne da sikeli. Haka kuma mai sayar da man canza launin fata ya sani cewa da yawa daga irin waɗannan mayuka zaiba ce a cikinsu, kuma ƙasashen yarjejeniyar sun tsai da 2025 a matsayin ƙarshen ƙera su da safararsu.

Za a ce talauci ne, kuma gundumar da ɓarayin daji suka addaba tana da abin da ya fi wannan gaggawa. Gaskiya ne matashin da gonarsa ba ta ci da shi ba ya shiga rami don nishaɗi, kuma rufe wuri da jandarmomi bai taɓa hana haƙa ba, sai dai ya mai da ita aikin dare. Amma wannan hujja ce ta tsara aikin, ba ta kau da kai ba. Ɗan bindiga na kashe wanda ya tarar. Zaiba na jiran wanda ba a haifa ba.

Abin yi a bayyane yake, kuma bai kai kuɗin motar minista ɗaya ba. A auna taɓo da ruwa da kifin tabkin Madarunfa da rijiyoyin yankin Ɗan Isa a kai a kai, tare da malaman Jami'ar Ɗan Dikko Ɗan Kulodo ta Maraɗi, a kuma karanta sakamakon da Hausa a rediyo. Idan kifin lafiya yake, masunta sun samu shaidar da za ta kare sana'arsu daga jita-jita. Idan ba haka ba, gara a ji daga bakin likita da a ji daga bakin mai haƙar kabari. A koya wa ma'aikatan likitocin karkara gane alamun gubar. A hana ƙona dunƙule cikin gida da kasuwa, a wadata mahaƙa da tukunyar ƙarfe mai rufi da bututu, wadda ke kama tururin ta mai da shi ruwa, kuma maƙeran Maraɗi na iya ƙera ta. A bi sawun masu shigo da zaiba, manya kafin ƙanana. Tun da Gulbi na ƙasa biyu ne, a kai maganar gaban hukumar haɗin gwiwar Nijar da Najeriya, domin yarjejeniyar Maiduguri ta 1990 kan ruwayen da ƙasashen suka haɗa ta ambaci wannan gulbi da sunansa.

Waliyyan Madarunfa sun daɗe suna kwance bakin tabkinsu, amma tsaron ruwan amana ce a wuyan masu rai: gwamna da prefe da sarakuna da masu shaguna. Ba a fafe gora ranar tafiya. Wanda aka ba amana ya yi shiru yau, ranar da aka fara ƙirga yaran da ba su iya tafiya, kada ya zo ya ce ƙaddara ce.