Sabunta tsoffin wasannin kushewa: Kada a cire wa zaki haƙora

Shekaru sama da 40 ke nan sunan Tomb of Horrors, wato Kushewar Firgici, yake sa gaban masu wasan Dungeons & Dragons faɗuwa. Duk lokacin da kamfanin da ya mallaki wasan ya fito da sababbin ƙa'idoji, sai muhawara ta sake tashi a kan ko a bar kushewar da mugun halinta na asali, ko a sassauta ta domin 'yan wasan yau.

Ga wanda bai san shi ba, wasa ne da mutane ke zama a teburi guda, kowa ya ɗauki jarumi ɗaya, mayaƙi ko matsafi ko ɓarawo, yayin da jagoran wasa ke bayyana musu duniyar da suke ciki. Idan jarumi ya yi yunƙurin da ka iya ci ko ya faɗi, sai a jefa ɗan lido, galibi mai fuska 20, ya raba gardama. Gary Gygax da Dave Arneson ne suka fito da shi a Amurka a 1974.

Gygax ya tsara wannan kushewa ne domin taron masu wasa na Origins na farko, a birnin Baltimore a 1975, kafin kamfanin TSR ya buga ta a 1978. Bai ɓoye manufarsa ba. Yana so ne ya ƙure ƙwararrun 'yan wasa masu taƙama da cewa babu abin da zai gagari jarumansu. Dodanni kaɗan ne a ciki, tarkuna ne suka cika ta. Ƙofofin shiga uku ne, biyu na bogi. A zauren farko akwai ɓoyayyun ramuka masu tsinin guba. A ƙarshensa kuma ga wata koriyar fuskar shaiɗan da baki a hangame, duk wanda ya shiga bakin ya hallaka nan take, ba gawa ba labari. Can ciki kuwa mai kushewar, matsafi Acererak, wanda ƙoƙon kansa kawai ya rage, yana jiran ya zuƙe ran wanda ya iso.

An sha sake ɗinka wa wannan aiki riga. Bruce Cordell ya rubuta ci gabansa a 1998, an mayar da shi kan ƙa'idojin bugu na 3.5 a 2005, aka sake yi a zamanin bugu na huɗu a 2010, sannan a 2017 ya fito cikin littafin Tales from the Yawning Portal a kan bugu na biyar. Matsalar da masu wannan aiki ke fuskanta ba ta sauya lambobi kawai ba ce, domin tunanin da aka gina wasan a kai ya canza.

A tsoffin ƙa'idoji, guba kan kashe jarumi da jifa ɗaya idan sa'a ta ƙi, kamar dai yadda ake cewa tsalle ɗaya ke jefa mutum rijiya. A bugu na biyar da ya fito a 2014, guba galibi rage makin rai take yi. Jarumin da makinsa ya ƙare ma ba lallai ya mutu ba, sai ya faɗi jifan ceton rai sau uku, kuma kafin nan abokinsa na iya tashinsa. Hutun awa 8 yana mayar da dukkan makin rai. Akwai ma tsafin da ke farfaɗo da wanda ya mutu cikin minti ɗaya. Ramin da a da yake cin rai, yanzu yana iya zama tuntuɓe kawai.

Babban sauyin ma yana wajen neman tarko. A da, ɗan wasa ne da kansa yake faɗin abin da zai yi. Zai ce ya dunguri daɓe da sanda mai tsawon ƙafa 10, ko ya ƙwanƙwasa bango, ko ya jefa tsakuwa cikin rami ya saurara. Yanzu akwai makin lura a takardar jarumi, wanda kan sa jagora ya sanar da tarko tun ba a nema ba. Kushewar da aka gina domin gwada hankalin mutumin da ke zaune a teburi, sai ta koma gwajin lambar da ke kan takarda.

Masu goyon bayan sassautawa suna da hujjar da ba za a yi watsi da ita ba. A da, cikin 'yan mintuna ake ƙirƙirar jarumi. A yau mutum kan shafe watanni yana gina labarin jaruminsa, da danginsa, da burinsa. A hallaka irin wannan jarumi saboda ya leƙa bakin wani gunki, ba tare da gargaɗi ba, cin fuska ne ga lokacin da aka kashe. Gaskiya ne kuma cewa wasu tarkunan Gygax sun fi kama da mugunta, domin an tsara su ne don gasa a taro, inda ake raba wa mutane jarumai na wucin gadi a ga wa zai fi nisa.

Duk da haka, maganin wannan ba shi ne a mayar da kushewar gidan biki ba. Wanda ya sayi littafi mai wannan suna, haɗarin ya saya. Idan kowa zai shiga ya fito lafiya, to an sayar masa da fanko. Darajar aikin tana cikin yadda yake tilasta wa mutane su tsaya, su yi shawara, su karanta alamu, su kuma yarda cewa wani lokaci juyawa baya shi ne wayo.

Abin da ya kamata masu sabuntawa su riƙe shi ne adalci. Tarko ya ci gaba da kisa, amma a tabbata akwai alamar da mai lura zai iya gani. Gygax kansa ya yi hakan, domin ya shimfiɗa waƙar Acererak mai cike da hannunka-mai-sanda a daɓen zauren farko. Makin lura kuma ya tsaya ga ba da alama, kamar ƙurar da ta bambanta ko iskar da ke fitowa daga tsaga, a bar wa ɗan wasa aikin gane ma'anarta. Wajibi ne kuma jagora ya faɗa wa jama'arsa gaskiya tun kafin a zauna, ya ba su zaɓin shiga da jaruman da aka yi domin wannan zama kaɗai.

Akwai kuma haƙƙin tarihi. Kamfanin Goodman Games ya nuna hanya a jerin littattafansa na Original Adventures Reincarnated, inda yake buga tsohon rubutun kamar yadda yake, tare da sabon fasalin na bugu na biyar a littafi guda. Da haka mai karatu ke ganin abin da aka taɓa da abin da aka bari.

Wizards of the Coast, wanda ya sayi TSR a 1997, ya sake gyara ƙa'idojin wasan a 2024, don haka ba a rabu da wannan muhawara ba. Gygax ya rasu a 2008, ba ya nan balle ya kare aikinsa. Nauyin yanzu yana wuyan kamfanin da masu rubuta masa. In za su sake buɗe kushewar, su gyara abin da zamani ya wuce, su ƙara alamun gargaɗi, amma su bar koriyar fuskar nan da bakinta a buɗe.