Sharhi: Kuɗin Hawa Babur A Kwatano, Ɗawainiyar Da Ake Mantawa Da Ita Cikin Lissafi

Duk lokacin da wani kamfani ko babban ɗan kasuwa a Nijeriya ya yanke shawarar ajiye wakili a birnin Kwatano na Jamhuriyar Benin, akan zauna a lissafa kuɗin hayar gida, da na abinci, da na takardun zama, da na wayar tarho. Kuɗin da wakilin zai riƙa biya kullum domin zuwa wurin aiki da dawowa kuwa akan bar shi cikin albashi, a ce ai ɗan canji ne. Ra'ayinmu shi ne wannan ɗan canji ya daɗe da zama babban kaso na ɗawainiyar zaman baƙo a wancan birni, kuma ya kamata a ware masa layinsa a littafin kashe kuɗi, a rubuta shi da sefa.

A Kwatano babur ne motar haya. Abin da muke kira acaɓa ko kabu-kabu, can zemijan suke ce masa, kalmar da ke nufin a ɗauke ni da sauri, kuma ana gane masu sana'ar da riguna masu ruwan ɗorawa da lamba a baya. Sana'ar ta samo asali ne a Porto-Novo daga masu ɗaukar kaya a keke, ta bunƙasa a shekarun 1980 lokacin da tattalin arzikin ƙasar ya durƙushe, matasa suka rasa aikin yi. Har ila yau, birnin ya rabu biyu saboda ruwan da ya ratsa shi, sai ta kan gadoji ake tsallakawa. Wakilin da ke kwana a unguwar Zongo, yana da takarda a tashar jiragen ruwa da safe, yana da ganawa a Akpakpa da rana, sa'an nan ya leƙa filayen sayar da motoci na Sekandji a hanyar Seme, ba shi da wata dabara face ya hau babur, ya sauka, ya sake hawa.

Bari mu ɗauki misali domin a ga nauyin abin. A ƙaddara wakili yana hawa sau huɗu a rana, kowace tafiya sefa 300, kwana 26 a wata. Jimla sefa 31,200 ke nan. Mafi ƙarancin albashi a Benin, tun da aka ƙara shi a Janairun 2023, sefa 52,000 ne. Wato kuɗin babur kawai ya kai kashi 60 cikin 100 na abin da doka ta ce a biya ƙaramin ma'aikaci a ƙasar. Wannan kuwa lissafin ranar da ba a yi ruwa ba ne, ba a yi dare ba, ba a ɗauko kaya ba, domin kowanne daga cikin waɗannan yana da nasa ƙari.

Ga kuma farashin baƙunta. Babu mita a kan zemijan, ciniki ake yi kafin a hau, da Faransanci ko da harshen Fon. Da zarar mai babur ya ji Turancin Ingilishi a bakin fasinja, ya san daga inda ya fito, sai farashi ya ɗaga. Ko cikin 'yan'uwa Hausawa sabon zuwa yakan yi tuntuɓe, saboda a ƙasashen sefa da dala ake ƙidaya, dala ɗaya kuwa sefa 5 ce, don haka wanda ya ce dala sittin sefa 300 yake nufi. Kamfanoni irin su Gozem, waɗanda ake kiran babur ɗinsu ta wayar hannu, sun rage wannan matsala tun da farashi yana bayyana kafin tafiya, kuma akwai shaidar biya da akawu zai iya dubawa. Sai dai mutumin da ke gaggawar cim ma jami'in kwastan kafin ya tashi ba ya tsayawa jiran wanda ya kira.

Inda maganar ta fi shafar masu karatunmu shi ne dangantakar kuɗin babur da manufofin gwamnatin Nijeriya. Shekara da shekaru 'yan zemijan sun dogara ga man fetur da ake fasa-ƙwaurinsa daga Nijeriya, wanda ake sayarwa cikin kwalabe a bakin titi da sunan kpayo. Ma'ana, tallafin man da gwamnatinmu ke biya shi ne ya riƙe farashin sufuri a Kwatano. Da Shugaba Bola Tinubu ya ba da sanarwar janye tallafin ranar 29 ga Mayu, 2023, cikin 'yan kwanaki litar kpayo ta tashi daga wajen sefa 450 zuwa 700 da ɗoriya, har ta zarce farashin gidajen mai na hukuma, masu babur kuma suka ɗora ƙarin a kan fasinja. Makonni biyu bayan haka Babban Bankin Nijeriya ya saki naira kasuwa ta yanke mata daraja. Dalar Amurka da ke kan naira 460 a farashin hukuma ta haura naira 1,500 a farkon 2024. Ita kuwa sefa tana ɗaure da yuro a kan 655.957 tun 1999, ba ta motsa ba.

Wakilin da ake biya da naira ya sha duka ta fuska biyu ke nan a lokaci guda: kuɗin tafiya ya ƙaru da sefa, ita kanta sefar ta ninka tsada a hannun 'yan canji. Sefa 31,200 ɗin misalinmu, lokacin da jaka ɗaya ke kan naira 1,200, ba ta kai naira 38,000 ba. Da jakar ta kai naira 2,500 a 2024, sai ta zama naira 78,000, ko da mai babur bai ƙara ko sisi ba. Tsofaffin fatake za su tuna cewa a Janairun 1994 abin ya taɓa juyawa ta ɗaya gefen, sa'ad da aka rage darajar sefa da rabi. Amma maigidan da ke zaune a Kano ko Legas yana aika alawus ɗin da aka yanke shekarun baya, ya sani cewa ɗayan biyu ne ke faruwa: ko dai wakilinsa yana cikawa daga aljihunsa, ko kuma yana rage zirga-zirgar da aikin ke bukata, kaya su ƙara kwana a tasha, kuɗin ajiya ya hau.

Akwai ɗawainiyar da ba ta fitowa sai ranar da tsautsayi ya afku. A 2024 hukumomin Benin sun tsananta dokar sanya hular kwano har a kan fasinja, tare da tara ga wanda ya karya, saboda haka hula ta shiga cikin kayan aikin wakili kamar jakarsa. Karaya ɗaya tana iya kwantar da mutum watanni, a ƙasar da ba shi da dangi, kuma da wuya a sami ƙaramin kamfanin da ya yi wa wakilinsa inshorar haɗari kafin ya tura shi. A kan wannan babur ɗin ne kuma yake ɗauke da takardun kaya na asali, wani lokaci har da tsabar kuɗi.

Wasu kan ce mafita ita ce a saya wa wakili babur nasa na kansa. Ga wanda ya shekara a garin, ya san lungunansa, ya iya harshen jami'an hanya, wannan shawara ce mai kyau. Ga sabon zuwa kuwa muna ganin kasada ce, gwamma a daidaita da amintaccen ɗan zemijan guda ɗaya a kan kuɗin wata, a san gidansa da lambar rigarsa. Ya dace kuma a auna hayar gida da kuɗin babur tare, domin ɗaki mai araha a Abomey-Calavi, da ke wajen birni, yakan cinye rarar da aka samu a kan hanya. Alawus ɗin sufuri kuwa a yanke shi da sefa, a biya shi da sefa, a sake duba shi duk bayan wata uku, ko kuma duk lokacin da farashin mai ya motsa a Nijeriya.