Sama Ba Ta San Mai Muƙami Ba

Ran 25 ga Oktoba, 2012, da almuru, wani ƙaramin jirgin sama ƙirar Cessna 208 ya faɗi a daji kusa da Yola, yana shirin sauka. Daga Jalingo ya taso, kuma wanda ke tuƙa shi ba kowa ba ne sai Gwamnan Jihar Taraba, Danbaba Suntai, wanda ya koyi tuƙi a makarantar koyon tuƙin jiragen sama ta Zariya. Shi da dogarawansa sun fita da rai, amma Gwamnan ya ji mummunan rauni a ka. An kai shi Jamus da Amurka, ya dawo a Agusta 2013 bai warke ba. Jihar ta shiga rigimar wa zai riƙe mulki, shi kuwa ya rasu a Yuni 2017.

Hukumar binciken haɗarin jiragen sama ta ƙasa ta gano cewa takardar tuƙinsa ba ta ba shi izinin tuƙa irin wannan jirgi ba, bai kuma sami horon tuƙi da na'urori ba, ga shi ya ci gaba da tafiya bayan faɗuwar rana.

'Yan'uwa masu karatu, me ya sa sauka ta fi wuya? Iskar da ke bi ta kan fukafukai ita ke ɗauke da jirgi. In za a sauka dole a rage gudu, amma in ragin ya yi yawa sai fukafukan su saki, jirgin ya rikito, alhali ƙasa ta yi kusa, babu sararin gyara. In iska ta bugo daga gefe, sai ta kauce da shi daga hanya, ƙaramin jirgi kuwa ba shi da nauyin jurewa. Da duhu ko hazon hunturu, ido ba ya rarrabe sama da ƙasa, jiki ya riƙa gaya wa matuƙi jirgi na daidai alhali ya karkata. Nan ne sai wanda ya ƙware da karanta na'urori. Shi ya sa ake koya wa matuƙi cewa in sauka ba ta daidaita ba, ya ƙara wuta ya tashi, ya zagayo. Babu kunya a ciki.

Abin tambaya shi ne, a ranar nan wa ke da bakin ce wa Gwamna ya bari sai da safe? A ƙasarmu in babba ya yi niyya, na ƙasa sai su ce ranka ya daɗe, ko da cikinsu ya ɗuri ruwa.

Kada mu ce wannan zancen manya ne. Mu a Auyo da sauran garuruwan kogin Hadejia, kowace damina muna shiga kwalekwale. Idan mai fito ya ce kaya sun yi yawa, ko dare ya yi, sau nawa muke jin maganarsa? Sau nawa mai kuɗi ko mai sarauta ke tilasta masa ya tuƙa?

Shawararmu biyu ce. Hukumar kula da sufurin jiragen sama ta riƙa duba takardar kowa, gwamna ko talaka. Mu kuma, a gida da majami'a da bakin kogi, mu girmama wanda ya san aikinsa idan ya ce a dakata. Hausawa sun ce rigakafi ya fi magani.