Shin Gandoki Zai Sami Rumfa A Kasuwar Kpakungu?

A cikin shekarar 2024 ne wani wasan Amurkawa mai suna Dungeons & Dragons ya cika shekara 50 da fitowa. Don murnar haka, sai kamfanin da ke da wasan ya tono wata tsohuwar ƙasa ta almara da ake kira Greyhawk, wadda aka daɗe da jingine ta, ya kakkaɓe mata ƙura, ya mai da ita kasuwa. Wani zai ce, ina ruwan mai sayar da goro a Agege ko mai tireda a Sabo ta Badun da wannan magana? To, da ruwansa. Abin da ke damun kamfanin nan, watau yadda za a sayar wa yaran yau da tsohon labari, shi ne ke gaban kowane uba mai renon 'ya'ya a Kurmi, shi ne kuma ke gaban unguwanninmu na gida irin su Kpakungu ta Minna.

Ga yadda wasan yake. Mutum huɗu ko biyar za su kewaye tebur. Ɗaya daga cikinsu shi ne mai ba da labari, shi ke faɗin inda aka dosa da abin da aka tarar a hanya. Sauran kuwa kowa ya ɗauki matsayin wani gwarzo, wannan mayaƙi, wancan boka, wancan ɓarawo. In dodo ya tare hanya, kowa ya faɗi abin da zai yi, sa'an nan a jefa ɗan lido don a ga ko ya ci nasara. A taƙaice dai tatsuniya ce wadda masu saurare ke da baki a cikinta. Wasu mutum biyu, Gary Gygax da Dave Arneson, su suka fito da shi a 1974, kamfanin TSR kuma ya riƙa buga littattafansa.

Da kasuwa ta buɗe, sai TSR ya shiga ƙirƙiro ƙasashen almara ɗaya bayan ɗaya, kowace da taswirarta da sarakunanta da dodanninta. An buga littafin ƙasar Greyhawk a 1980, Dragonlance ta fito a 1984, Spelljammer a 1989, Planescape a 1994. Amma masu saye ba su ƙaru yadda kayan suka ƙaru ba, sai dai suka rarrabu, kowane rukuni ya riƙe ƙasarsa ya ƙyale sauran. Wannan na cikin abubuwan da suka durƙusar da kamfanin, har bashi ya yi masa katutu, wani kamfani mai suna Wizards of the Coast ya saye shi a 1997. Shi ma wannan Hasbro ya haɗiye shi a 1999. Taura biyu ba ta taunuwa, balle goma.

Abin lura shi ne yadda wasan ya sake farfaɗowa. A 2014 sababbin masu shi suka sauƙaƙa dokokinsa, suka kuma saki ginshiƙan dokokin kyauta a intanet. Daga 2015 wasu 'yan wasan kwaikwayo suka fara yin wasan a gaban kyamara a wani shiri mai suna Critical Role, jama'a na kallo suna koyo. Sai da sababbin 'yan wasa suka taru tukuna aka koma ɗakin ajiya: Spelljammer da Dragonlance suka dawo a 2022, Planescape a 2023, Greyhawk a 2024. Watau sai da aka tara masu ci kafin a sauke tsohuwar tukunya. Duk da haka ba a kwashe lafiya ƙalau ba. A cikin sabon littafin Spelljammer an saka labarin wasu halittu masu kama da birai waɗanda aka so a sayar da su bayi, mutane da dama suka ga ya yi kama da cin mutuncin da aka daɗe ana yi wa baƙar fata. Dole kamfanin ya nemi gafara, ya goge wurin a shekarar.

To, mu dawo gida. In ana maganar ƙasashen almara, Jihar Neja ba ta da abin jin kunya. A garin Kagara aka haifi Malam Bello Kagara da ƙanensa Alhaji Abubakar Imam. A gasar rubutu ta 1933 wadda aka shirya a Zariya, Malam Bello ya shigar da Gandoki, Imam kuma ya shigar da Ruwan Bagaja. Gandoki mayaƙin Kwantagora ne wanda ya kara da Turawa, daga baya shi da ɗansa Garba Gagare suka faɗa ƙasashen aljannu. Shi ma Alhaji na Ruwan Bagaja daga Kwantagora ya tashi neman ruwan magani, yana tafe suna wa juna ƙeta da Malam Zurƙe. Ga kuma Magana Jari Ce da Akunta, ga Gizo da Ƙoƙi da Botorami waɗanda suka girme su duka. Shiga rigar wani a wasa ma ba baƙon abu ba ne gare mu, tun da muna da tashe a cikin azumi, da wasan gauta inda matan fada ke kwaikwayon sarki da fadawansa. Abin baƙin ciki, yaro da yawa bai taɓa jin sunan Kagara ba sai a watan Fabrairu na 2021, sa'ad da 'yan bindiga suka kwashe ɗalibai daga makarantar kimiyya ta garin.

Amma samun kaya daban, samun rumfa daban. Kpakungu unguwa ce mai cunkoso a bakin hanyar Minna zuwa Bida, cike da samari. Hankalin saurayin wannan unguwa kuwa ya riga ya sami masu zawarci: ga gidan kallon ƙwallo, ga shagon cacar ƙwallo, ga lido da karta a gindin bishiya, ga finafinan Kano da na Indiya masu fassarar Hausa, ga waya a tafin hannu. Aljihu kuma ba nauyi. A shataletalen Kpakungu ne mata da matasa suka tare hanya ran 5 ga Fabrairu 2024 saboda tsadar abinci. Manyan littattafan wasan Amurkawa guda uku ne, kowanne ya fito a kan kusan dala 50. Wanda ya kawo kaya mai irin wannan tsada nan, shi da kwandonsa za su koma.

Duk da haka kada a ce ba masu so. Littattafan yaƙi irin na Abdul'aziz Sani Madakin Gini, masu cike da sadaukai da matsafa da aljannu, sun sami ɗimbin makaranta, har ana karanta su a YouTube mutane na saurare. Masu sana'ar ma ba su yi nisa ba. A Abuja akwai kamfanin NIBCARD mai ƙera wasannin tebur na gida, wanda a 2021 ya karɓi lambar yabo ta Diana Jones, ɗaya daga cikin waɗanda masu wannan sana'a ke ji da su a duniya.

Saboda haka duk mai niyyar tayar da tsofaffin ƙasashenmu ya kula da abu huɗu. Na farko, ya ɗauki ƙasa ɗaya tak ya tsaya a kanta, kada ya bi sawun TSR. Na biyu, kayan wasan kada su wuce 'yan takardu da ɗan lido, a kuma fara nuna yadda ake yi a rediyo da waya kafin a ce kowa ya saya. Na uku, a tace tsohon labari. Yaƙe-yaƙen da Gandoki ke alfahari da su na zamanin Sarkin Sudan Ibrahim Nagwamatse ne, wanda Gwarawa ba su manta da hare-harensa ba, jikokinsu kuwa su ne maƙwabta a Minna yau, tare da Nufawa da sauran ƙabilu. Wasan da zai sa yaro ya kira abokinsa bawa ko arne gara ba a yi shi ba. Na huɗu, littattafan nan suna da masu su. Imam ya rasu a 1981, dokar ƙasa kuwa tana kare aikin marubuci har shekara 70 bayan rasuwarsa, don haka sai da izini.

Mu mazauna Kurmi mu ne ya kamata mu fi kowa damuwa. 'Ya'yanmu na tashi da Yarbanci da Turancin kasuwa a bakinsu, Hausa ta zama ta gaisuwa da aike kawai. Yaro ba ya riƙe harshe don an yi masa faɗa, amma zai riƙe shi in da shi yake cin abokinsa a wasa. Ƙungiyoyinmu na Ikko da Badun da Shagamu, waɗanda ba sa rasa kuɗin bikin naɗin sarauta, ba za su gaza ɗaukar nauyin matasa biyu ko uku masu zane da rubutu su gwada wannan aiki ba. In muka yi sake, wata rana wani daga waje zai zo ya kwashi Gizo da Ƙoƙi, ya sa su a kwali, ya sayar wa jikokinmu da dala. Allah ya sa mu farga tun da sauran rana.