Harsashi Ke Zaɓen Bindiga: Daga Filin Gasar Harbi Zuwa Kasuwar Gure

Tun da sha'anin tsaro ya taɓarɓare a wannan yanki, da wuya a zauna hira a tashar mota ko kasuwar mako tsakanin Damagaram da Difa ba a ambaci bindiga ba. Mai kai dabbobi Maigatari yana tunanin yadda zai komo gida da kuɗinsa, mai sarin kanwa da dabino daga kwaruruwan Gure tana fargabar hanya, wasu kuma har sun fara cewa da ma kowane ɗan kasuwa ya mallaki 'yar ƙaramar bindiga a aljihu. A Najeriya ma, a watan Yunin 2022 gwamnatin Zamfara ta fito fili ta ce jama'a su nemi lasisin riƙe bindiga domin kare kansu. Sai dai a duk wannan muhawara hankalin mutane na kan ƙarfen ne, ba kasafai ake maganar abin da ƙarfen yake ci ba. Alhali mutanen da suka fi kowa iya harbi da ƙaramar bindiga a duniya sun daɗe da gane cewa harsashi ake fara zaɓa, sannan a nemo bindigar da za ta ɗauke shi.

Bari mu ɗan leƙa duniyar waɗannan mutane, duk da cewa ta yi mana nisa. Akwai wata gasa da ake yi a ƙasashe da dama, wadda ƙungiyar IPSC ke shiryawa. An kafa ƙungiyar a 1976 a garin Columbia na jihar Missouri ta Amurka, kuma shugabanta na farko wani tsohon hafsan soja ne mai suna Jeff Cooper. A wannan gasa ba tsayawa wuri ɗaya ake yi ana saiti ba. Ɗan wasa yana gudu ne tsakanin shingaye, yana harbin allunan kwali da na ƙarfe, alƙali na biye da shi da agogo. A ƙarshe sai a raba makin da ya samu da daƙiƙoƙin da ya ɓata. Ma'ana, wanda ya iya saiti amma yana da nawa ya faɗi, mai gaggawa da ke ɓarin harsashi shi ma ya faɗi.

To ina girman harsashi ya shigo? Waɗanda suka kafa gasar sun ce ba adalci ba ne a ba mai harba ƙaramin harsashi maki ɗaya da mai harba babba, domin babban harsashi yana sa bindiga ta zabura a hannu, sai mutum ya sake daidaita ta kafin harbi na biyu. Don haka suka fito da awo iri biyu, kamar yadda ake da babbar tiya da ƙarama a kasuwa. Ana ɗaukar harsasan kowane ɗan wasa a gwada, a ninka nauyin ƙwayar da saurin fitarta. Wanda lissafinsa ya kai 125 ya shiga ajin ƙaramin ƙarfi, wanda ya kai 160 ko 170, gwargwadon rukunin da yake, ya shiga ajin babban ƙarfi. Idan an sami tsakiyar allo kowa maki 5 ne. Idan aka ɗan kauce, mai babban ƙarfi ya ci 4, mai ƙarami 3. A can gefen allo kuwa 2 ne da 1. Wannan tazara ta maki ɗaya tak ita ta yi ta juya gwanaye kusan shekara hamsin.

Da farko harsashi mai lamba 45 ne sarki, wanda faɗinsa ya haura milimita 11. Cooper da almajiransa sun yi imani da shi matuƙa. Matsalarsa ita ce ƙiba: bindigar da aka saba harba shi da ita guda 7 kawai gidan harsasanta ke ɗauka, ga kuma zabura. A tsakiyar shekarun 1980 wasu matasa, cikinsu har da Ba'amurke Rob Leatham wanda ya ci kofin duniya a 1983 da 1986 da 1988, suka koma wani siririn harsashi da ake kira 38 Super. Faɗinsa milimita 9 ne, amma kwansonsa dogo ne, yana cin albarushi da yawa, saboda haka saurinsa ya cike gurbin nauyin da ya rasa, ya shiga ajin babban ƙarfi. Bugu da ƙari, yawan hayaƙin da yake fitarwa ya zama alheri, domin sun maƙala wani ƙarfe mai ɓuɓɓuga a bakin bindiga da ke tura hayaƙin sama, ya danne zaburar. A yau bindigogin wannan rukuni, inda aka yarda kowa ya yi wa bindigarsa kwaskwarimar da ya ga dama, suna ɗaukar harsashi kusan 30 a lodi ɗaya. Daga baya ma da yawansu suka bar 38 Super suka koma cusa albarushi a kwanson milimita 9 na gama-gari, ba don komai ba sai don kwansonsa ya fi araha. Duk 'yar kasuwar da ta taɓa barin wani dillali saboda bambancin dala biyar a kan tiya ta san wannan lissafi.

A wani rukunin kuma doka ce ta yi zaɓen. An ce ba za a ba kowa makin babban ƙarfi ba sai faɗin harsashinsa ya kai milimita 10, sai kusan kowa ya koma harsashi mai lamba 40, wanda ya shigo kasuwa a 1990. Da aka buɗe rukunin bindigar kanti, wato wadda ake wasa da ita kusan yadda ta fito daga masana'anta, aka ce a nan kowa makin ƙaramin ƙarfi zai ci ko da me ya harba, sai aka wayi gari babu mai wahalar da kansa da babban harsashi, kowa ya rungumi milimita 9. Bafaranshe Eric Grauffel, wanda da yawa ke ɗauka a matsayin gwanin gwanaye, ya ci kofin duniya sau biyar a jere daga 1999 zuwa 2011 a rukunin masu kwaskwarima, sannan a 2014 a Florida ya sauko rukunin bindigar kanti, ya sake cinyewa da milimita 9. Hannun dai shi ne, harsashin ne ya canza da canjin doka.

Hukumomin tsaro ma hanyar suka bi. Bayan wata musayar wuta a Miami a watan Afrilun 1986 inda aka kashe jami'an FBI biyu, hukumar ta ɗora laifi kan ƙanƙantar harsashi, ta koma manya. Bayan kusan shekara 30 ta dawo kan milimita 9, bisa hujjar cewa jami'anta sun fi samun abin da suka saita da shi, bindiga ta fi ɗaukarsa da yawa, kuma ya fi sauƙin kuɗi wajen horo.

Mai karatu zai ce, to mu a Gure ina ruwanmu da wasan masu kuɗi? Ruwanmu shi ne, dokar da ke aiki a filin wasan ita ke aiki a dajin Tesker da kan iyakar Yobe: wanda ya riƙe bindiga ya zama bawan mai kawo masa harsashi. A da ba haka abin yake ba. Sarkin Damagaram Tanimu, wanda ya rasu a 1884, ya tara dubban bindigogi, maƙeransa suna zuba igwa, ana haɗa albarushi a cikin birni. Adakar mafarauta har gobe haka take, ba ta zaɓen abinci, a ɗura mata albarushin gida da gutsattsarin ƙarfe ta tashi. Bindigar zamani kuwa sai nata, wanda masana'anta ta auna da milimita, maƙerin gari ba ya iya yin sa. Shi ya sa tsofaffin bindigogin sojan Faransa irin su MAS 36 suka zama kamar sanda a hannun masu su da harsashinsu ya yi wuya. Kuma shi ya sa Kalash ta mamaye Sahel. Akwai bindigogin da suka fi ta saiti nesa ba kusa ba, amma harsashinta, mai faɗin milimita 7.62 da kwanso mai tsawon milimita 39, ƙasashe da dama ke ƙera shi tun bayan yaƙin duniya na biyu, kuma sojojin yankin nan da yawa da shi suke aiki. Ɗan fashi da ɗan tawaye da ɗan Boko Haram duk sun yi lissafin da Grauffel ya yi, sun zaɓi abin da ba zai yanke musu ba.

Daga ina yake zuwa? Yaƙe-yaƙen Cadi sun bar nasu, tawayen shekarun 1990 a arewa da gabashin Nijar ya bar nasa, sannan faɗuwar Gaddafi a 2011 ta buɗe rumbunan Libiya. Amma akwai wata hanya da ba a cika son faɗi ba, wato barikin sojojinmu. Lokacin da Boko Haram ta afka wa Bosso a watan Yunin 2016 ta kwashi makamai da harsasai. Wata ƙungiyar bincike ta Ingila mai suna Conflict Armament Research, wadda ta duba makaman da aka kama a kudu maso gabashin Nijar, ta bayyana a 2022 cewa wani kaso na kayan daga rumbunan gwamnatocin yankin tafkin Cadi ya fito. Ana iya gane haka ne domin a gindin kwanson harsashi akwai tambari, wanda sau da yawa ke nuna masana'anta da shekarar ƙira. Gure kuwa tana tsakiyar wannan zirga-zirga: ga babbar hanyar Difa ta ratsa ta, ga Najeriya a kudu, ga Tesker a arewa, inda a watan Yunin 2024 aka fasa bututun man da ke zuwa Benin.

A ganina nan ne manufofinmu suka daɗe suna kuskure. Tun 1994 Nijar ke da hukumar tattara haramtattun makamai, kuma a ranar 25 ga Satumban 2000 an ƙona bindigogi fiye da dubu a Agadas a bikin wutar zaman lafiya. Abin a yaba ne. Amma bindiga ake ƙirgawa, ita ake nuna wa 'yan jarida. Kalash ɗaya tana iya shekara 40 tana aiki, an saye ta sau ɗaya an gama. Harsashi kuwa kamar gishiri yake a gidan mai abinci, kullum ƙarewa yake, kullum sai an sayo. Kayan da ake saye kullum dole ya bi hanya, ya hau mota, ya ratsa tasha, ya wuce ta hannun mutane da yawa, kuma a nan ne ake iya tare shi. Yarjejeniyar ƙananan makamai ta CEDEAO ta 2006 ta haɗa har da harsasai, sai ga shi Nijar da Mali da Burkina Faso sun kammala ficewa daga ƙungiyar a watan Janairun 2025. Ko me mutum yake gani game da wannan ficewa, iyakar da ke tsakaninmu da Najeriya, mai tsawon kusan kilomita 1,500, ba ta matsa ko taku ɗaya ba, kuma tambarin kwanson da aka tsinta a Yobe ba shi da amfani idan jandarman Gure bai ji labarinsa ba. Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da wani tsari na kula da harsasai a watan Disambar 2023, wanda bai buƙaci ƙasa ta kasance cikin CEDEAO kafin ta yi aiki da shi ba.

Shi kuma alhajin da ke tunanin sayen bindigar aljihu, ya kamata ya sake lissafi. Ban da cewa riƙe ta ba da izinin hukuma ba laifi ne, binciken da cibiyar Small Arms Survey ta Geneva ta wallafa kan Nijar a 2018 ya nuna yawancin irin waɗannan da suka bazu a arewa, musamman bayan gano zinariyar Djado a 2014, bindigogin tsoratarwa ne ƙirar Turkiyya da aka sauya. Ƙarfensu ba a yi shi don ɗaukar harsashin gaske ba, yana iya tarwatsewa a hannun mai shi. Gwanayen da muka ambata suna harba dubun-dubatar harsasai a shekara kafin hannunsu ya faɗa, kuma allon kwali ba ya ramawa. Mutumin da bai taɓa harba guda hamsin ba, ya fuskanci masu tare hanya huɗu kowanne da Kalash mai cin 30, wadda ke kai wa mita ɗaruruwa, abin da ya yi kawai shi ne ba su dalilin buɗe wuta a kan motar da ke ɗauke da mata da yara.

Inda abin ya fi shafar iyayenmu mata 'yan kasuwa shi ne saƙo. 'Yan sandan Najeriya sun sha gabatar da mata da direbobi da aka kama da harsasai cikin buhun hatsi ko jarkar manja, kuma a 2021 a Zamfara an nuna wata mata da harsasan Kalash kusan dubu. Masu safarar sun san ba a cika zazzage kayan mace a shinge ba. Harsashin Kalash ɗaya nauyinsa kimanin giram 16 ne, wato dubu ɗaya bai wuce nauyin tiya shida zuwa bakwai na gero ba, yana ɓacewa a tsakiyar buhu. Amma yana da alama: ƙunshi ƙarami mai nauyin da ya fi girmansa, mai shi yana biyan ladan da ya wuce ƙima, kuma yana cewa kada a buɗe. Idan aka kama, wanda kayan ke hannunsa shi ne mai amsa tambaya a gaban alƙali, mai aiken ya kashe wayarsa. Ƙungiyoyin direbobi da shugabannin kasuwannin Gure da Gidigir da Subdu suna iya ajiye littafi a kowace tasha, a rubuta sunan mai aike da lambar katinsa, a buɗe kowane ƙunshi a gabansa kafin yaron mota ya ɗora shi. Wannan ba ya buƙatar kuɗin gwamnati ko izini daga Yamai, sarkin tasha da 'yan kamasho sun isa su fara shi a ranar kasuwa mai zuwa.