Kashi 5 na masu nakasa: ina rabon wanda ba zai iya zana jarrabawa ba?

Shugaba John Mahama ya yi alkawarin ware aƙalla kashi 5 cikin 100 na guraben aiki domin masu nakasa, a ma'aikatun gwamnati da kamfanoni masu zaman kansu. Alkawarin yana cikin kundin manufofin jam'iyyar NDC na zaɓen 2024. Madalla da shi. Ƙidayar 2021 ta nuna kusan kashi 8 cikin 100 na 'yan Gana masu shekara biyar zuwa sama suna da wata nakasa, mutum sama da miliyan biyu ke nan, don haka ba wanda zai ce kashi 5 ya yi yawa.

Abin da ke damuna shi ne wanda zai shiga idan an buɗe ƙofar. Makaho mai digiri daga Legon zai shiga. Mai keken guragu da ya karanta akanta zai shiga, haka ma kurman da ya gama sakandaren kurame ta Mampong Akuapem ya wuce gaba. Duk sun cancanta, kuma sun daɗe suna jira. To amma akwai wasu da su ma doka ta kira su masu nakasa, waɗanda aka haifa da jinkirin fahimta, ko lalurar Dawun, ko otizim, ko irin shanyewar jiki da ke farawa tun jarirantaka. Galibinsu ba su da takardar gama sakandare, balle digiri. A Zangonninmu mun san sunayen da ake kiransu da su: dolo, gaula, wani ma a ce ɗan ruwa ne, a ɓoye shi a ɗaki idan baƙi sun zo. Ba taɓin hankali gare su ba. Suna koyo, a hankali dai, kuma da yawansu idan suka riƙe aiki ɗaya sun riƙe shi ke nan.

Yadda ake ɗaukar ma'aikaci a yau, waɗannan an rufe musu ƙofa tun kafin su iso bakinta. Ofishin Shugaban Ma'aikatan Gwamnati yana ɗaukar masu digiri ne ta hanyar cike takarda a intanet, sai jarrabawa a kwamfuta, sai ganawa da kwamiti. Ko ƙananan guraben da ba sa buƙatar digiri, sai an ce kawo takardar makaranta, zauna ka amsa tambayoyi. Saurayi mai otizim da zai iya jera fayil ɗari biyu ba kuskure, shi ne zai kasa kallon idon shugaban kwamiti, a rubuta masa bai dace ba.

Ba rashin doka ne matsalarmu ba. Sashe na 29 na Tsarin Mulkin 1992 ya yi maganar haƙƙin masu nakasa. Dokar Ƙwadago ta 2003 ta ce wanda ya shiga aikin gwamnati da nakasa a ɗauke shi bisa sharuɗɗa iri ɗaya da kowa, ko da an rage masa awannin aiki. Dokar Masu Nakasa ta 2006, wato Doka ta 715, ta ɗora wa cibiyoyin samar da aiki na gwamnati nauyin taimaka musu su samu aiki, ta yi alkawarin rangwamen haraji ga wanda ya ɗauke su, ta kuma ce wanda sunansa ya wuce shekara biyu a jerin masu neman aiki a koya masa sana'a, a ba shi kayan aiki. A 2012 Gana ta amince da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin masu nakasa. Duk suna nan a takarda. Ita Doka ta 715 ta ba gine-ginen da jama'a ke shiga wa'adin shekara goma su gyara hanyar shiga, wa'adin ya cika a 2016, kuma kowa ya ga matattakalar da har yau take gaban ofisoshi da yawa. Idan abin da ido ke gani ma haka aka yi da shi, ina ga nakasar da ba a ganinta da ido?

Mun kuma ga abin da ke faruwa idan aka tara masu nakasa a aiki guda. Gwamnatin Akufo-Addo ta ɗauki wasu daga cikinsu karɓar kuɗin hanya a shingayen manyan tituna, aka yi ta yabo. A Nuwamban 2021 aka soke kuɗin hanyar, dare ɗaya aikin ya tafi, suka koma zanga-zanga suna neman a cika musu alkawarin sauya musu wurin aiki. Shi ya sa ba na goyon bayan a ƙirƙiro wani shiri na musamman mai suna mai daɗi, a ba mutane riga da alawus na wata shida. A sa su cikin ma'aikata na dindindin, da albashi da fansho, a asibiti da ofishin gunduma da makaranta.

Wasu ƙasashe sun riga sun gano cewa kaso na bai-ɗaya ba ya isa ga waɗannan mutane. Indiya, a dokarta ta 2016, ta ware kashi 4 na guraben gwamnati, amma ta raba shi, ta keɓe kashi 1 ga masu otizim da jinkirin fahimta da makamantansu. Sifen ta rubuta a dokar ma'aikatanta cewa aƙalla kashi 2 na guraben da aka tallata na masu jinkirin fahimta ne. Gwamnatin tarayyar Amurka tana da hanyar da take ɗaukarsu ba tare da gasa ba, idan mutum ya yi shekara biyu yana aiki yadda ya kamata sai a iya tabbatar da shi. Najeriya kuwa ta sa kashi 5 a dokarta ta 2018 ba tare da irin wannan rabo ba, kuma ƙungiyoyin masu nakasa na can har yanzu kukan rashin aiwatarwa suke yi.

Abin da nake so in gani a Gana ba mai tsada ba ne. A cikin kashi 5 ɗin a rubuta ƙarara cewa aƙalla kashi 1 na masu nakasar fahimta ne. A maimakon jarrabawa a ba su gwajin aiki na 'yan watanni a wurin aikin kansa: wanki da ninke zannuwa a asibiti, dafa abinci a makarantun kwana, kula da fulawoyi da lambu, kai takardu tsakanin ofisoshi, kwafe tsofaffin fayiloli zuwa kwamfuta. Sannan a haɗa kowane da mai horarwa da zai tsaya kusa da shi makonnin farko, ya nuna masa aikin mataki-mataki, ya kuma fahimtar da abokan aikinsa, daga baya ya ja da baya. Wannan mai horarwar shi ne ƙashin bayan abin. In babu shi, wata uku ba za a yi ba shugaban sashe zai ce yaron ya zame masa kaya.

Masu horarwar ma ba sai an je nesa nemansu ba. Makarantar musamman ta Dzorwulu a Ankara, da Garden City a Asokore Mampong, nan kusa da Aboabo da Sawaba, da Twin City a Sekondi, da Yumba a Tamale, duk suna da malaman da suka san waɗannan yara, suna koya musu sana'o'in hannu. Matsalar ita ce yaro ya gama, ya koma gida ya zauna, wani kuma a tura shi bakin masallaci ranar Juma'a da ƙoƙo a hannu. Kason masu nakasa na asusun bai-ɗaya na gundumomi, ana yawan kashe shi ne wajen raba firji da keken ɗinki. Wani ɓangare nasa zai iya biyan albashin masu horarwa biyu ko uku a kowace gunduma.

Akwai masu cewa albashin ma'aikata ya riga ya yi wa gwamnati nauyi, ga masu digiri da nas-nas suna zaune a gida shekara da shekaru. Gaskiya ne, kuma ba na raina wannan kuka. Sai dai ba sabbin gurabe nake nema ba. Duk shekara ana ɗaukar masu shara da masinjoji da masu aikin kicin, sau da yawa ta hannun wanda ya san wani. Cikin kowane ɗari, a bar ɗaya.

Mu ma iyaye a Zango da namu aikin. Yaron da ba a taɓa rubuta sunansa a ofishin jin daɗin jama'a na gunduma ba, wanda ba shi da Katin Gana, babu kason da zai same shi. Sarakunan Zango da limamai su taimaka a fito da su a yi musu rajista tun yanzu, ba a fafe gora ranar tafiya. Gyaran Doka ta 715 kuma ya shekara da shekaru ana jiransa. Duk ranar da za a tattauna shi a majalisa, ina so in ji wakilan Ayawaso ta Gabas da Ayawaso ta Arewa da Asawase sun miƙe sun tambayi ministan da ya kawo shi: cikin kashi 5 ɗin nan, nawa ne na masu nakasar fahimta, kuma a wane sashe aka rubuta shi?